Babi na Bakwai: Ƙonewar Fis da Matsalolin Wuta a Motar Yankan Ciyawa

Motar yankan ciyawa, wato injin yankan da mutum yake hawa ya tuƙa kamar ƙaramar tarakta, ta fi yaɗuwa ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da unguwannin bayan gari suka cika da gidaje masu faffaɗan fili wanda injin turawa da hannu ba ya gamawa da shi sai an sha wuya. Kamfanin John Deere ya shiga wannan kasuwa a 1963 da samfurinsa mai lamba 110, wanda aka ƙera a garin Horicon na jihar Wisconsin, kuma har yau galibin waɗannan motoci, ko da wane suna aka rubuta a jikinsu, injin fetur na Briggs & Stratton ko Kohler ko Kawasaki ne yake jansu. Wannan ya sa tsarin wutarsu ya kusa zama iri ɗaya, ta yadda wanda ya fahimci na guda ba zai ɓata a cikin na sauran ba. Tsarin ƙarami ne idan aka gwada shi da na motar hanya, amma yana aiki cikin girgiza da ƙura da danshin ciyawa da zafin inji, sa'an nan a ajiye motar watanni ba a taɓa ta ba, kuma daga waɗannan ne yawancin matsalolinsa suke tasowa.

Tushen wutar batir ne mai bolt 12, irin na darma da ruwan asid, wanda aka ɗaure kansa mai alamar ɗebewa da gangar jikin motar, ta yadda ƙarfen motar gaba ɗaya ya zama hanyar da wuta take bi ta koma gida. Wannan haɗi shi ne masu wayarin suke kira at. Daga kan batir mai alamar tarawa wata jar waya mai kauri tana zuwa solanoyid, wanda makunni ne da maganaɗisu ke rufewa, daga nan ta wuce zuwa sitata, kuma babu fis a kan wannan hanya, domin sitata tana jan amfiya ɗari ko fiye a 'yan daƙiƙoƙin da take juya inji. Amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudu a cikin waya ne, bolt kuwa ma'aunin ƙarfin da ke tura ta. Daga ƙusar solanoyid da aka ɗaure jar wayar batir a kanta wata siririyar waya take ɓallewa ta bi ta cikin fis zuwa makunnin makulli, kuma daga makunnin ne wuta take rarrabuwa zuwa fitilu, da ƙaramin bawul na lantarki da ke ƙasan kafireto, da kulocin wuƙaƙe, da wayar da ke ba solanoyid umarni. A motoci da yawa fis ɗaya ne tak yake tsare duk waɗannan rassa, mai amfiya 15 ko 20 ko 30, kuma akan same shi a maƙale kusa da solanoyid ko a ƙarƙashin kujera ko a bayan allon sitiyari.

Akwai abu guda da yake rikita wanda ya saba da motar hanya, shi ne cewa tartsatsin fulogi a galibin waɗannan injuna ba daga batir yake zuwa ba. Maganaɗisun da ke jikin fulawil ne yake gilmawa ta gaban kwayil ya haifar da shi, kuma idan za a kashe inji ba yanke wuta ake yi ba, haɗa wayar kwayil ake yi da at. Saboda haka injin da ba shi da bawul na lantarki a kafireto yana iya ci gaba da aiki bayan fis ya ƙone, sai dai wuƙaƙe masu kulocin lantarki su tsaya da fitilu, alhali mai bawul ɗin zai mutu nan take kamar mai ya ƙare, domin bawul ya rufe hanyar fetur da zarar wuta ta bar shi.

Shi fis ba kome ba ne illa siririn ƙarfe da aka ƙera ya narke kafin waya ta narke. Irin mai ƙafa biyu a cikin roba mai launi, wanda kamfanin Littelfuse ya fito da shi a 1976, shi ne ya zama ruwan dare, kuma launinsa yana faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, garau 25, kore 30. Ba ya ƙonewa da an ɗan haura lambarsa. Yana iya ɗaukar kashi 110 cikin ɗari na lambar tsawon sa'o'i, a kashi 135 yakan jure har zuwa 'yan mintoci, amma idan wutar ta ninka lambar sau biyu ba ya wuce daƙiƙa biyar. Wannan hali nasa yana da amfani ga mai gyara, domin fis ɗin da ya yanke nan take, robar ta yi baƙi ƙarfen ya tarwatse, yana nuna jar waya ta taɓa jikin mota kai tsaye, wanda kuwa ya jima kafin ya yanke, ƙarfen ya lanƙwasa ya rabu a tsakiya ba tare da baƙi ba, yana nuna kaya ne suka yi yawa a hankali. Akwai na uku, wanda ƙarfensa na tsakiya lafiya lau amma robar ta narke wajen ƙafafu. Wannan laifin gidan fis ne, wanda bakinsa ya saki ko ya yi tsatsa har wurin ya riƙa ɗaukar zafi, kuma maganinsa sauya gidan. Ido ba ya wadatarwa a kowane lokaci, shi ya sa aka bar ƙananan ƙarafa biyu a buɗe a bayan fis, waɗanda idan fitilar gwaji ta kama a ɗaya ba ta kama a ɗayan ba, magana ta ƙare.

Fis ba kasafai yake mutuwa don kansa ba. Wanda ya sa sabo ya ƙone, ya sake sa wani ya ƙone, sa'an nan ya ɗauko mai amfiya 30 ya cusa a gurbin mai 20, ko ya naɗa zaren waya a ƙafafun tsohon kamar yadda ake gani a wasu garejin bakin titi, ya bar jaki yana dukan taiki, kuma ya mayar da wayar motar ita ce fis. An zaɓi lambar ne bisa kaurin wayar da ke bayansa, kuma a wannan mota wayar tana kwance ne tsakanin busasshiyar ciyawa da tiyon fetur. Tambayar da ya kamata a fara yi ita ce a wane lokaci fis ɗin yake ƙonewa, domin kowane matsayi na makulli da kowane makunni yana ba wani reshe daban wuta, kuma lokacin ƙonewar shi ne yake nuna reshen da ke da laifi.

Idan ya ƙone da sa shi, makulli yana kashe, to laifin yana cikin ɗan gajeren zangon da ke da wuta dare da rana, wato wayar da ke tsakanin fis da makunnin makulli, ko makunnin kansa idan cikinsa ya narke, ko kuma regileta mai daidaita caji a motocin da aka haɗa wayar caji kai tsaye da wannan layi. Idan sai an murɗa makulli zuwa matsayin kunnawa, zargi ya koma kan bawul ɗin kafireto da wayarsa, wadda take bi kusa da salansa inda zafi ke gasa robarta, da fitilun gaba, waɗanda wayarsu take lanƙwasawa duk lokacin da aka ɗaga bonet, da agogon ƙidayar sa'o'i. Idan kuwa sai an kai makulli ƙarshe domin tayar da inji, to ƙaramin naɗin da ke cikin solanoyid ne ya lalace, ko wayar umarni ta goge a hanyarta ta bi ta makunnin birki da na wuƙaƙe.

Reshen da ya fi kowanne cin fis shi ne na kulocin wuƙaƙe, a motocin da ake haɗa wuƙaƙensu da maɓalli maimakon sanda. Wannan kuloci naɗin wayar tagulla ne da ke ƙasan inji, wanda idan wuta ta shige shi yakan zama maganaɗisu ya fizgo faifan ƙarfe, fuli ya kama juyi, bel ya kai juyin ga wuƙaƙe. Turjiyar naɗin, wato yadda yake tauye gudun wuta, ana auna ta da om, kuma lafiyayyen kuloci yakan nuna tsakanin om 2 da 4. Lissafin mai sauƙi ne, domin idan aka raba bolt da om ana samun amfiya: bolt 12 a kan om 3 amfiya 4 ke nan, abin da fis mai 20 ba zai ko ji ba, amma idan rufin wayar naɗin ya ƙone, zagaye ya taɓa zagaye har turjiya ta faɗo zuwa rabin om, wutar ta zama amfiya 24, kuma inji yana aiki da caji za ta fi haka. Ana cire soket ɗin kuloci a sa mita a ƙafafunsa biyu a karanta, sa'an nan a sa tsinke ɗaya a ƙafa ɗaya a ƙarfen jikin kulocin, inda bai kamata a sami haɗi ba ko kaɗan. Abin da ya fi wahalar kamawa shi ne kulocin da yake nuna om 3 da sanyin safiya amma ya ƙona fis bayan an yi rabin awa ana yanka. Tagulla tana ƙara turjiya ne idan ta yi zafi, don haka lafiyayyen kuloci ƙasa yake yi da jan wuta yayin da aiki ya yi nisa. Wanda jansa ya ƙaru da zafi kuwa rufinsa ya riga ya tsage, kumburin zafi ne yake haɗa wayoyin, kuma ba za a gane shi ba sai an auna shi da zafinsa, an kashe inji an zare makulli. Sau da yawa boris ɗin kulocin ne ya fara bushewa, zafinsa ya dafa naɗin. Kafin a yanke wa kuloci hukunci, kasancewar yana cikin kayan motar masu tsada, ya dace a leƙa a ga ko ƙarfen da ke hana gangar jikinsa juyawa yana nan, domin idan ya kwance, kulocin yakan ɗan juya ya fizge wayarsa ta shiga tsakanin bel da fuli.

Saura fis ɗin da ba shi da lokaci, wanda yakan yi mako lafiya sa'an nan ya ƙone da an taka dutse ko an karya kwana. Wannan kusan kullum gogaggiyar waya ce, kuma wuraren nemanta sanannu ne: gefen sandar sitiyari, ƙarƙashin kujera inda sifirin ke matse ta, kusa da sandar ɗaga kaskon wuƙaƙe, da duk ramin da waya ta ratsa ƙarfe bayan robar bakin ramin ta faɗi. A inda ake ajiye motar tsawon hunturu, kamar arewacin Amurka, ɓeraye sukan yi sheƙa a ƙarƙashin murfin inji su gwaguye wayoyi, kuma haka yake faruwa da motocin filayen ƙwallo da na folo a ƙasar Hausa idan an jingine su tun daga kaka har faɗuwar damina.

Hanya mafi arha ta farautar irin wannan haɗuwar waya ita ce a sa ƙwan fitila a gurbin fis. Ana ɗaukar ƙwan mota mai wat 21, irin na sigina, a haɗa wayoyinsa biyu da ƙafafun ƙonannen fis a cusa a gidan. Ƙwan ba zai bar wutar da ta kai amfiya biyu ta wuce ba, don haka babu abin da zai ƙone. Muddin jar waya tana taɓa ƙarfe ƙwan zai haska sosai, sai mai gyara ya riƙa cire soket ɗaya bayan ɗaya, ko ya bi damin wayoyi yana motsa shi da hannu taƙi bayan taƙi, har ya kai inda hasken ya dushe ko ya ɗauke. Laifin yana nan ƙarƙashin yatsunsa. Dabarar tana da iyaka, domin lafiyayyen kuloci ma yana sa ƙwan ya haska da ƙarfi saboda ƙarancin turjiyarsa, don haka shi da mita ake gwada shi. Kuma ba a sa mita a ma'aunin amfiya a gurbin fis ana neman haɗuwar waya, tunda yawancin mitocin hannu amfiya 10 ne iyakarsu.

Ba kowace mutuwar mota ce ta shafi fis ba, hasali ma batir da kawunansa sun fi shi yawan laifi. Cikakken batir da ya huta yakan nuna bolt 12.6, wanda ya nuna 12.2 ya kai rabi, wanda ya gaza 12 kuwa kusan fanko ne, amma wannan awo bai isa shaida ba sai an sake shi ana juya sitata, inda bai kamata ya sauka ƙasa da bolt 9.6 ba. Idan solanoyid yana ƙas-ƙas-ƙas ba tsayawa, wutar ce ta isa ta rufe shi amma ta faɗi da sitata ta fara ja. Idan ƙara ɗaya ya yi ya yi shiru, sai a duba ko bolt 12 ya ƙetara zuwa ƙusarsa ta biyu. In bai ƙetara ba cikinsa ya ci, in ya ƙetara laifin yana gaba. Tsatsar kan batir ana kama ta ne da awon faɗuwar bolt: tsinke ɗaya a kan darmar batir kanta, ɗaya a kan maƙallin waya, wani ya murɗa makulli, kuma duk abin da ya haura bolt 0.2 a wannan ɗan tsakani yana nufin haɗin bai yi ba, ko da ido ya gan shi fes. Haka ake yi wa baƙar waya a inda aka ɗaure ta da jikin mota, wurin da aka fi mantawa da shi. Wajen kwance batir baƙar waya ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa, domin sifanar da ta taɓa jan kai da ƙarfen mota a lokaci guda tana tartsatsi kusa da batir mai fitar da iskar haidurojin.

Akwai kuma cutar da take kama da ta wuta alhali ba ita ba ce. Injunan Briggs & Stratton masu silinda ɗaya da bawul a sama suna da wata 'yar dabara da take ɗan buɗe bawul lokacin tayarwa domin rage wa sitata nauyi, kuma idan gibin bawul, wanda bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ya buɗe da yawa, dabarar ta daina aiki, sai inji ya juya rabi ya cije. An sayi batura da sitatoci masu yawa a banza saboda wannan, alhali saitin bawul ne kawai ake bukata.

Caji yana fitowa ne daga naɗin waya da ke ƙarƙashin fulawil, wanda yake ba da wuta mai kai da komo, sai regileta ta miƙar da ita ta kuma tsayar da ƙarfinta. A ƙananan injuna dayod guda ne yake miƙar da wutar kawai, yana ba da kimanin amfiya 3. Inji yana cikakken gudu, kan batir ya kamata ya nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Idan bai motsa daga 12 da 'yan kai ba, sai a cire soket a auna wutar naɗin kai tsaye, wadda a injunan Kohler masu regileta ake sa ran ta kai bolt 28 ko fiye a juyi 3,600 a minti. In ta kai, regileta ce ta mutu ko jikinta bai kama at ba, in ba ta kai ba naɗin ne. Abin da ya haura bolt 15 yana tafasa ruwan batir yana ƙona ƙwayaye. Ita regileta abin da ya fi kashe ta shi ne a juya kawunan batir ko na wayar jona, ko na daƙiƙa ɗaya ne, da kuma a cire batir inji yana aiki wai don a ga ko yana caji. Idan za a jona daga motar hanya, a bar injin motar a kashe.

Makunnin makulli ma yana da tarkonsa. A bayansa akwai ƙafafu masu haruffa, B ta batir, S ta solanoyid, M ta kwayil, G ta at, L ta fitila, kuma makunnai biyu suna iya zama kama ɗaya, su shiga soket ɗaya, alhali jerin ƙafafunsu ya bambanta. Wanda ya sa makunnin da ba na motar ba yana iya tura bolt 12 cikin wayar kwayil, ya ƙona fis da kwayil tare, don haka da lambar kaya ake sayen sa, ba da kama ba.

Makunnan tsaro su ne suka fi shan zargi, kuma wani lokaci da gaskiya. Akwai na birki, da na wuƙaƙe, da na kujera, da na ribas a motocin da suka fito daga baya. Biyun farko suna kan hanyar wayar umarni, ta yadda idan ba a taka birki ba ko an bar wuƙaƙe a haɗe, makulli zai juya shiru ba ko ƙas. Sai a bi wayar da fitilar gwaji daga ƙafar S, makunni bayan makunni, har inda wuta ta shiga ba ta fita ba. Na kujera aikinsa daban ne, domin shi kwayil yake haɗawa da at idan babu kowa a zaune, kuma alamar lalacewarsa ita ce inji ya tashi lafiya amma ya mutu da an saki birki ko an haɗa wuƙaƙe. Sau da yawa ciyawa ce ta cushe a soket ɗinsa ko kujerar ta lotsa ba ta danna shi sosai. Cire soket ɗin ba ya magance kome a motoci da yawa, domin an sa masa wani ɗan ƙarfe a ciki da yake haɗa wayoyin da kansa da zarar an zare shi. Haɗa wayoyin makunni na ɗan lokaci domin gwaji, bel ɗin wuƙaƙe a cire, aikin mai gyara ne. Barin su a haɗe a miƙa motar ga mai ita kuwa ganganci ne. Ƙa'idar ANSI B71.1 ta Amurka ta yarda bakin wuƙar wannan mota ya yi gudun da ya kai ƙafa 19,000 a minti, kusan kilomita 350 a awa, kuma makunnin kujera ne kaɗai yake tsayar da ita idan direba ya faɗo.